Jinina Bai Yi wa Ɗana Ba

Talata ce, tsakiyar damina, gero ya kai kafaɗar mutum. Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne, gabas da Illela. Na hura wuta, ɗiyata Hajara tana dama wa 'ya'yanta kunu. Ƙanenta Sahabi, autana, ya saɓa fartanya ya tafi gona.

Da hantsi munka ji babura. Ba biyu ba, ba biyar ba. Sai harbi ta wajen rijiya, sannan ta bayan masallaci. Wani ya kwarma ihu: "Ku fita! Sun shigo!"

A wurinmu, in gari ya ɓaci, mata da yara arewa suke yi, su tsallaka iyaka wurin dangi a Kwanni. Hajara ta tsaya tana kiran ƙanenta. Na daka mata tsawa: "Kwashi yara ki wuce! Kar ki waiwaya!" Ta wuce. Ni ƙafa ba ta kai ni ba. Na kwanta cikin gero har ƙarar ta yi nisa.

Da azahar anka samu Sahabi a bakin gona, harsashi a cinya, yana numfashi. Munka aza shi amalanken jaki har titi. Wata mota ta kai mu asibiti a Illela gab da la'asar.

Likita ya ɗaure raunin, ya ce jini ya zuba da yawa, sai an ƙara masa. Na miƙa hannu. Anka ɗiba, anka duba, ya girgiza kai. Na ce, "Mi? Ni fa na haife shi." Ya ce jini iri-iri ne, ɗa kuma yana gado ta uwa da ta uba. Na Sahabi ba a cika samunsa ba. Yana yi wa kowa, shi kuwa sai irinsa. In an sa masa nawa, cuta zai yi masa.

Maza tara sunka miƙa hannu, har direban da bai san mu ba. Babu. Anka aika Sakkwato neman jini.

Can sai na tuna. Haihuwar Hajara ta ƙarshe, da jini ya ɓalle mata, an gwada kowa, Sahabi kaɗai ya yi mata. Ranar anka ce irinsu ɗaya.

Wayarta tana gida inda ta yar da ita. Ƙanen mijina ya hau babur ya bi ta Kwanni, gida gida. Ni ina riƙe da ƙafar Sahabi, sanyi yana hawowa daga yatsu.

Ana kiran magariba ya cika. Hajara ta iso kafin isha'i, tana naɗe hannun riga tun daga ƙofa. An rasa mai gaya mata.

Mutum bakwai anka kashe a ƙauyenmu ranar. In ana ƙirga, da Sahabi ake cewa takwas. Har yau Hajara ba ta tambaye ni don mi na tura ta ba.