Ranar da Na Kwaikwayi Surukin da Ban Samu Ba

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan. Na manta fuskar malamin da ya sa na bar makaranta a tsakiya, na manta unguwar da matata ta fari ta koma bayan ta kwashe kayanta. Amma akwai wata Juma'a a Omdurman da ko da ruwan batir aka wanke mini kai ba za ta fita ba. Ranar ce na je gaida uban matar da nake so, na dawo ba mata, ba mutunci, duk saboda wani ilimi da ake kira harshen jiki.

Lokacin gari yana gari ne, kafin yaƙin nan ya watsa mu. Ina aikin walda a wani gareji a Alshajara, ina kwana a Kalakla, a wani ɗaki cikin gidan yayata. Na haura arba'in, ba mata, ba alamar za a samu. Mutane suna cewa ina da baƙin rai. Ni dai na san wanda ya yini da wuta a gaban fuskarsa ba a tsammanin ya dawo gida yana rabon murmushi.

Wata rana mai gareji ya aike ni kasuwar Suk al-Arabi, na zauna wajen wata mai shayi kusa da tasha. Shayin ya ƙona mini harshe, na yi zagi da Hausa, ina ganin ba mai ji. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, ita ma da Hausa, “Shayin bai yi maka komai ba, kai ne ba ka da haƙuri.” Shi ke nan. Daga Kalakla zuwa Alshajara hanya ba ta bi ta Suk al-Arabi ba ko kusa, amma daga ranar na sa ta bi. Bazawara ce, mijinta ya rasu, tana zaune da mahaifinta a Omdurman. Da na gaji da shan shayin da ba na bukata, na faɗa mata abin da ke raina a tsaye, yadda nake faɗa wa mutum motarsa ta mutu. Ta ce, “Ka je ka gaida Baba ranar Juma'a bayan la'asar. In ya ga ka yi masa, sai ka turo manya.”

Baban nata tsohon malami ne. Kakansa ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa zai je Makka, ya tsaya nan, zuriyarsa suka ci gaba da karantarwa. Mu kuma iyayenmu auduga suka tsinta a Jazira. Wannan bambancin ya tsaya mini a wuya, shi ya sa na yi kuskuren buɗe baki a gida.

Yayata tana da 'ya a jami'a, kuma a shekarar tana rubuta bincikenta na kammalawa a kan yadda mutane ke magana ba da baki ba. Yarinyar nan takan shiga hafila, motar haya, ba don za ta ko'ina ba, sai don ta ga yadda fasinja ke ƙyasta yatsu in zai sauka, da yadda kumsari, yaron mota, ke gane inda mutum zai je daga motsin hannunsa a bakin titi. Ko abinci kake ci tana kallonka. Da ta ji maganar Juma'a sai ta jawo kujera ta zauna a gabana.

“Kawu, matsalarka ba bakinka kaɗai ba ne. Jikinka ma zagi yake yi.”

“To in bar shi a gida in tafi ni kaɗai?”

“Ka saurara mana. Bincike ya nuna tun kafin ka buɗe baki mutum ya gama yanke maka hukunci. Kada ka ƙanƙantar da kanka. Ka riƙe hannunsa da ƙarfi. Ka dube shi cikin ido, don wanda ke kau da ido ana ɗauka yana ɓoye wani abu. Sannan babban sirrin, ya'ani, ka riƙa yin irin motsinsa. In ya jingina ka jingina. Mutum in ya ga ana motsi irin nasa, zuciyarsa takan ɗauke ka nasa, shi kansa bai sani ba.”

Yayata tana gefe tana shafa kisra, gurasar nan marar kauri, a kan kasko, ta ce, “Ke, ƙyale shi ya je ya durƙusa yadda ubanmu ya durƙusa.”

“Yumma, wancan zamanin gonar auduga ne.”

Ni kuwa ina da wata cuta irin ta wanda ya yi rabin makaranta. Wanda bai shiga aji ba sam bai damu da takarda ba, wanda ya gama ya san takarda ma tana ƙarya. Mu na tsakiya, da an ce “bincike ya nuna” sai gwiwarmu ta yi sanyi. Na bi ta jami'a, na bar mai kasko. Har gwaji na fara a gareji, na kafa wa mai gareji ido yana mini bayanin wata ƙofa, sai da ya tsaya ya tambaye ni ko tartsatsi ne ya shiga idona.

Juma'a ta zo. Na sa jallabiya fara sol, na aske gemu tas, na haye gada zuwa Omdurman. Na yi sallama aka ce in shigo. Tsohon yana tsakar gida ƙarƙashin bishiyar maina, zaune a kan angareb, gadon nan na igiya, da rawani da carbi. A gabansa an shimfiɗa tabarma sabuwa. Ina ganinta na san tawa ce. Wallahi gwiwoyina da kansu suka fara lanƙwashewa, don abin da aka koya musu ke nan tun ina yawo ba wando. Na tuna maganar 'yar jami'a, na miƙe su da ƙarfin tsiya. Na tsallake tabarmar, na dafa kafaɗar tsoho yadda muke yi da abokai a kasuwa, na kama hannunsa da hannun nan nawa na walda. Na ji yatsunsa sun yi ƙara. Sannan na zauna kusa da shi a kan angareb, igiyoyin suka yi kuka.

Ya duba tabarma, ya dube ni. Ya ce, “Marhaba. Ɗan wane ne kai?”

Na faɗa masa, idona cikin nasa. Ya tambayi sana'a, na faɗa, idona cikin nasa. Ban taɓa sanin kallon mutum aiki ne ba sai ranar. Idona ya fara ruwa, na ƙi ƙiftawa, kar a ce ina ɓoye wani abu. Ya ɗan matsa baya, na ɗan matsa baya. Ya shafa gemunsa, na shafa haɓata wadda ko gashi ɗaya babu.

Mai shayin ce da kanta ta kawo jabana, gahawar nan mai citta da ake zubawa daga ɗan tulu. Ta ajiye tire kanta a ƙasa, ta koma madafa. Tagar madafar tana bayan tsohon, ni nake ganinta, shi ba ya gani. Ya ɗauki finjali ya kurɓa da ƙara, na ɗauki nawa na kurɓa da ƙarar da ta fi tasa.

To akwai wani abu. Kafaɗarsa ta hagu takan yi tsalle lokaci-lokaci, ita kaɗai, kamar an tsikare shi. Na farko na ƙyale. Na biyu na yi tunani. Yarinya ta ce in yi irin motsinsa, ba ta ce ban da kafaɗa ba. Da ta sake yi, na ɗaga tawa.

A nan na hango mai shayin a taga. Ta fito da hannu tana nuna ƙasa da yatsa, tana sake nunawa, tana sake nunawa. Yau in ka tambayi ko akuyar gidan za ta ce maka tabarma take nuna mini. Ni a lokacin, da sabon ilimina, na fassara cewa tana nufin nan ne wurinka, ka zauna daram, gida ya zama naka. Na gyara zama. Ta sa hannu biyu tana danna iska ƙasa, na ce a raina, tana cewa in ci gaba a hankali. Daga baya ta ja gefen tob ɗinta, mayafin da ta yafa, ta rufe fuska gaba ɗaya. An faɗa mini rufe fuska alamar kunyar so ce. Na sakar mata murmushi ta saman rawanin ubanta.

Tsohon ya shiga jan carbi. Ni ba ni da carbi, sai na riƙa murza yatsuna. Ashe ya gano ni, ya shiga gwada ni. Ya ja kunnensa na dama a hankali, yana kallona. Na ja nawa. Ya ɗora hannu a ka, na ɗora. Ya cire rawani ya ajiye a gwiwa, na cire hulata na ajiye a gwiwa. Ya rufe ido ɗaya. Jama'a, na rufe ido ɗaya. Muka zauna haka, dattijo mai karantar da Alƙur'ani da ƙaton mutum mai neman aure, kai ba hula, kowa yana leƙen ɗan'uwansa da ido guda.

Ya buɗe idon, ya mai da rawaninsa, ya ce cikin natsuwa, “Ɗana, a danginku akwai mai taɓin hankali?”

“Babu, Baba.”

“To wa ya aiko ka ka yi mini biri a cikin gidana?”

Sai a lokacin jikina ya dawo nawa. Ban san sa'ad da na zame daga angareb na faɗa kan tabarmar ba. Kaina a ƙasa na ce, “Baba, bincike ne.” Na kwashe komai na faɗa masa, da jami'a, da kallon ido, da yadda zuciyarsa ya kamata a ce ta ɗauke ni nasa tun ɗazu ba tare da ya sani ba.

Tsohon nan ya fara dariya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, kafaɗar tana ta tsalle. Da ya samu numfashi ya ce, “Wannan kafaɗar, jaki ne ya kayar da ni ina saurayi, tun daga nan take haka. Kai wane jakin ne ya kayar da kai?” Ya share hawaye da bakin rawani. “Tashi ka je. Ni dai na sha dariya yau, ban riƙe ka da komai ba. Amma 'yata ba yarinya ba ce, ta yi aure ta san maza. Maganar tana hannunta.”

Kun san abin haushi? Na haye gada ina murna. Na isa Kalakla na ba da labari, 'yar jami'a ta ce dariya alama ce mai kyau, zuciyarsa ta buɗe. Yayata kuwa ta dube ni kawai yadda ake duban tayar da ta yi faci da yawa.

Ranar Lahadi na je Suk al-Arabi. Ta bari sai da masu shan shayi suka ragu, sannan ta juyo.

“Baba ya yafe maka. Shi abin ba da labari ya samu, jiya har maƙwabta sai da ya tara. Ni ce ban yafe ba.”

“Ai na yi bayani. Karatu ne aka ɗora ni a kai.”

“Karatun gane motsin mutane, ko?”

“Shi.”

“To na tsaya a taga ina nuna maka tabarma har hannuna ya sage. Na rufe fuska don kunyarka ta kama ni, ka washe mini baki. Ka yi ta kallon Baba, wanda ba shi zai zauna da kai ba. Ni da nake neman cetonka, ka gan ni sarai, ba ka ji ni ba.” Ta zuba wa wani shayi, ta miƙa, ta dawo kaina. “Mutumin da na yi wa magana da hannu biyu bai gane ba, in na shiga gidansa da me zan yi masa magana? Da guduma?”

Na buɗe baki, na ga ba abin faɗa, na rufe. Wannan motsin dai ta gane shi.

Kafin shekara ta zagayo ta auri wani mai sayar da gawayi. Na taɓa ganinsa, wuyansa ya sanƙare saboda ɗaukar buhu, ko yana so ba ya iya ɗago kai ya dubi mutum. An ce tsohon yana yabon ladabinsa.

Ita kuwa 'yar yayata ta kammala da sakamako mai kyau. Daga baya na ji ta sa labarina a cikin binciken, a babin da ya nuna cewa abin da ke girmamawa a wani wuri rashin kunya ne a wani. Malamanta sun ce babin ya fi kowanne daɗi. Da na tare ta sai ta ce, “Malish, yi haƙuri Kawu, amma ka taimaki ilimi.” Ilimi ya samu babi, mai gawayi ya samu mata, ni na samu kafaɗa mai ciwo.

Abin da na koya ban ji daɗin koyonsa ba, amma ga shi. Gaskiya ne jiki yana magana, yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Sai dai kowane gida da yaren da jikinsa ke ji, kuma nawa jikin ya iya yaren gidan nan tun kafin a haifi mai binciken, ni na toshe masa baki. In za ka shiga wurin mutane, ka bar motsin aro a bakin ƙofa. In kuma ka ga wanda ke sonka yana ta nuna maka ƙasa, kada ka tsaya fassara, ka sauka.