Kwanso tara da suka dawo fes

Akwai wata Talata, saura kwanaki kaɗan a shiga azumi, da har gobe ba ta fita raina ba. Ke Zulai da ke Nafisa da kuka kama aiki a shagon nan watan jiya, ku nake rubuta wa wannan, don na ga kuna dariya idan Ammu Sabri, mai shagon, ya hana a taɓa buhu kafin in shinshina. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun.

Lokacin watana biyar a shagon. Maigidana yana karatu a nan Alƙahira, abin da ake ba shi ba ya isarmu, ga 'yarmu Ikram tana da wata goma, ƙirjinta kullum a cushe. Sai in bar ta wajen maƙwabciyata a Ainu Shams, in hau jirgin ƙasa na metro, duk hanya ina tunanin ko ta sha maganinta. Wanda ya samo mini aikin shi ne Usta Magdi, mijin 'yar Ammu Sabri, kuma shi ne na biyu a shagon.

Aikin shagon bayar da hayar tsofaffin bindigogi ne ga masu shirya fim, da lasisin hukuma, kowace bindiga da lambarta. Akwai guda shida masu mariƙi a ƙasa, waɗanda ake ja ƙasa a mayar sai sabon harsashi ya hau. Sun girmi kakan Ammu. Harsashinsu ba a sayarwa, shi yake ɗura shi da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, a ƙaramin sikeli. Ba shi da dalma a kai, ƙara ce kawai da hayaƙi, Misirawa suna ce masa fishink. Baƙin albarushi irin na da kaɗai yake zubawa. Na zamani, marar hayaƙi, ya ce ya fi ƙarfin ƙarfen tsofaffin nan.

Ni aikina wanki. Idan an dawo daga wajen ɗaukar fim, ana kawo kwanson da aka harba, wato gidan tagullar da ya rage, in wanke da ruwan zafi da sabulu, in shanya, a sake ɗurawa. Baƙin albarushi ƙazami ne. Ruwan yakan koma kamar tawada, ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai, har Ikram takan kau da kai idan na ɗauke ta ban canza riga ba.

Ran Talatar nan, Usta Magdi ya ajiye mini buhu da hantsi. Na juye a roba, ruwa ya yi baƙi kamar kullum. Amma ina tsamowa sai na ga wasu cikinsu fes, kamar ba a harba su ba. Na ware, guda tara. Na shinshina ɗaya, ba warin ƙwai, wani wari ne mai hawa hanci. Biyu bakinsu ya tsage. Sai na tuna abin da Ammu yake faɗa kan albarushin zamani.

Na kai wa Usta Magdi ɗaya a tafin hannu. Bai ko karɓa ba.

"Ya Umm Ikram, an ɗauke ki wanki ne ko an ɗauke ki likita? Yalla, maza haɗa su da sauran."

"Usta, ba irin namu ba ne."

"Khalas, zance ya ƙare. Kin manta wa ya kawo ki nan?"

Ban manta ba. Na koma bakin famfo. Takardun zamanmu suna wajen sabuntawa, kuma a wurin da ake ajiye bindiga, ƙaramar magana tana iya kawo 'yan sanda. Idan aka kore ni, da me zan kai Ikram asibiti? Amma na ji da kunnena ana cewa gobe jarumin fim ɗin zai kwantar da kuncinsa a kan ɗaya daga tsofaffin bindigogin nan ya yi harbi a jere. Shi ma ai wata ta haife shi.

Bakina ya kasa. Da Ammu ya fita sallar azahar, sai na jera kwanson taran a kan teburinsa, na koma ina dirzar roba da ta riga ta fita.

Ya dawo. Tsoho ne gajere, tabarau biyu yake sawa idan zai duba abu, ɗaya bisa ɗaya. Ya ɗauki guda, ya kai hanci.

"Wa ya ajiye?"

"Ni ce, ya Ammu."

"Daga wane buhu, ya binti, 'yata?"

"Na yau."

Bai ƙara tambayata komai ba. Ya kira Usta Magdi da murya ƙasa-ƙasa, wadda ta fi ihu ban tsoro. Usta ya ɗan yi kewaye-kewaye, sannan ya faɗa. Darakta ne ya dame shi wai hayaƙi yana rufe fuskar jarumi, sai ya karɓo harsashi marar hayaƙi wajen wani, ya gwada tara a bindiga mai lamba huɗu. Ya ce, "Kuma ba abin da ya faru, ya Hajj. Tamam ta yi, lafiya lau."

Ammu ya ce, "Kawo ta."

A gabanmu ya warware bindigar, ya jera sassan a kan farin ƙyalle. Da ido ba ka ganin komai. Ya jiƙa ƙarfen da ke riƙe bayan harsashi da kananzir, ya goge tas, ya shafa garin alli, ya ce mu jira. Ya zauna yana jan carbi. Can sai ga wani layi siriri kamar gashi ya fito a cikin allin, inda kananzir ya ɓuya a tsagar ya dawo waje. Ammu ya ɗora ƙarfen daidai kuncin Usta Magdi.

"Nan fuskar mutumin za ta kasance gobe."

Usta Magdi ya zauna a ƙasa.

Ammu ya kira darakta a waya, muna ji. Ya ce lamba huɗu ta mutu, zai sanar da hukuma a soke ta, sauran biyar kuma da hayaƙinsu za su zo ko kada su zo. Darakta ya yi ta faɗa, ya ce akwai wasu shagunan a Alƙahira. Ammu ya ce, "Akwai, ya basha. Ka kawo fanka ta kore hayaƙin, ko ka je wajensu. Ni ba na ɗinke fuska." Bai ambaci sunan Usta ba, bai ambaci nawa ba. Ya ce laifin shagonsa ne.

Da la'asar ya kira ni. Na riga na ɗaure jakata, don na san tsakanin suruki da baƙuwa mai wanki, ba a tambayar wanda zai tafi. Sai ya ce daga yau ba kwanson da zai koma teburinsa sai na ce na yarda da shi. Usta Magdi kuma, sati biyu zai yi a bakin famfo a ƙarƙashina. Ya yi su kuwa. Ranar farko ya toshe hanci yana cewa, "Ya ustaza, haka kike sha kullum?" Na ce, "Dirza cikin, Usta, ba bayan ba." Yanzu shi ne yake fara miƙo mini buhu.

Kafin in tafi gida ran Talatar, na ba Ammu haƙuri, na ce ni matsoraciya ce, shi ya sa na kasa magana da baki. Ya cire tabaransa duka biyu ya dube ni.

"Kin ɗauka ni mene ne? Tun ina saurayi nake ɗura abin nan, ban taɓa zuba albarushi ba tare da na ji tsoro ba. Ranar da kika ga na daina tsoro, ki nemi wani aikin."

Abin da na koya ke nan game da mutanen sana'ar nan. Na zata jarumai ne masu taurin zuciya. Ashe nagarin cikinsu tsoronsa ya fi nawa, ya dai koya masa zama a kan kujera ya auna abu daidai. Don haka idan gabanku ya faɗi a bakin famfon nan, kada ku ji kunya. Ku tsamo abin, ku kawo mini.