Ranar da Kawu Lawali Ya Wuce Alhaji Sha'aibu

Ku da kuka zauna da Kawu Lawali a garejinsa na Sabon Gari kun san ba kuɗin inji yake fara tambaya ba. Asali yake tambaya. In an kawo masa inji na sayarwa, sai ya tsuguna, ya ɗora masa tafin hannu kamar mai duba zazzaɓi, ya ce, "Na wa ne?" Ba ƙasar da aka ƙera shi yake nufi ba. Mutumin da ya tuƙa shi yake nufi. A wurin Kawu, inji yana ɗaukar halin mai shi, kuma ba ya sakin halin har ya mutu.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, tela, ban san komai a ƙarfe ba. Amma ni nake raka shi yawon neman inji, don a duk dangi ni kaɗai nake iya riƙe dariya sai na koma gida.

Abin ya samo asali ne daga Alhaji Sha'aibu, taubashinsa, ɗan kasuwa mai gida a unguwar Zariya. Kowace Juma'a su biyun sukan tafi Tsibiri gaida tsofaffi, kowa da motarsa. Wata Juma'a muna tafe cikin tsohuwar motar Kawu, tana tari tana nishi, sai Alhaji ya wuce mu fuuu da sabuwar motarsa. Da abin ya tsaya nan, da an manta. Sai ya taka birki, ya dawo da baya, ya sauke gilashi, ya miƙo igiyar ɗaure rago.

"Taubashi, kama! In jawo ka, ko ka samu sallar Juma'a mai zuwa."

Muka lallaɓa har muka isa Tsibiri. A ƙofar gida ya kashe mota, ya dube ni.

"Hamisu, ka zama shaida. Sai na wuce mutumin ga bisa hanyar ga, kuma sai ya hwaɗi da bakinshi."

Ga buri, ga rowa. Masu sana'ar suka ba shi shawarar da kowa ya sani: ya sayi injin Kwatano mai fiston shida, a ɗora, a huta. Da aka faɗa masa kuɗin, sai da ya nemi ruwa ya sha.

"In saida gida in sayi gudu? To in na wuce shi, ina zan koma in kwana?"

Saboda haka muka shiga kas, inda ake fasa matattun motoci. Aka nuna masa wani inji mai tsabta, ga araha.

"Na wa ne?"

"Na wani ma'aikacin gwamnati."

"A'a. Wanga ƙarfe takwas shina tashi, ƙarfe tara ya gaji."

Aka nuna masa na motar koyon tuƙi. Ya ce wannan an raine shi cikin tsoro, ko kaza ya gani sai ya mutu. Aka nuna masa na wani limami. Ya cire hula, ya gaida injin da ladabi, ya ce ba zai jefa bawan Allah cikin rigimar da ba tasa ba. Mai kas ɗin ya ce, "Malam Lawali, inji ka zo saye ko surukai ka zo bincike?" Kawu ya ce ai gara surukai, su ana iya yi musu ƙaura.

Daga nan aka ba shi labarin wani inji a Jiratawa wanda bai taɓa hutawa ba ko kwana ɗaya, kuma kusan kyauta. Kawu ya ji "bai taɓa hutawa ba", ya ji "kyauta", a karo na farko ya manta da tambayarsa. Muka ɗauko shi a amalanke. Wata biyu yana ɗaurawa. Ranar gwaji injin ya tashi da murya mai daɗi, ba tari, ba hayaƙi. Kawu ya sa giya ya taka. Mota ta kama tafiya a natse. Ya ƙara takawa har ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Tafiyar dai ita ce, ba ƙari ba ragi. Wani mai keke ya jera da mu, ya gaishe mu, ya tambayi iyali, ya wuce.

Ashe shekara da shekaru an cire injin daga mota, ruwa yake ja wa masu lambu.

"Manomi ne!" in ji Kawu, yana dukan sitiyari. "Manomi na auro! Wanga ba shi da gaggawa, damina shika jira."

Labari ya kai wa Alhaji Sha'aibu kafin mu kai gida. Washegari ya aiko wa Kawu da irin albasa, wai kada injin ya yi kewa.

Na ɗauka zai haƙura. Ina! Bayan wani lokaci sai ga mai kas da kansa ya zo, yana magana ƙasa-ƙasa. An kawo ragowar motar wani mai fasa-ƙwaurin fetur, wanda 'yan duwan, wato kwastan, suka yi shekaru ba su ga komai nasa ba sai fitilar baya. Gindin injin ya tsage, amma kan yana nan lafiya. Kawu ya ɗora hannu, ya lumshe ido.

"Wanga ya san mi a ka nuhi da a biyo ka."

Sai ya haɗa su: gindin manomi, kan ɗan fasa-ƙwauri. Ya kai kan aka aske shi don ya ƙara matsewa. Ya samo karbireta babba, ya sa bututun hayaƙi mai faɗin da kyanwa za ta haihu a ciki. Abokan sana'a suka ce, tunda ya kai nan, ya sayi sababbin fiston da sabon radiyato, don tsofaffin ba za su ɗauki wannan zafi ba. Ya ce fiston ɗin da ya shayar da rabin Jiratawa ba yaro ba ne. Buji ma, wato fulogi, bai saya ba. Wanke tsofaffin ya yi da toka, ya shanya su a rana kamar kuɓewa.

Ranar Juma'a muka laɓe a bakin hanyar Tsibiri, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, injin a kashe don kada a ɓarnatar da mai. Da motar Alhaji ta gifta, Kawu ya ce bisimilla, ya murɗa makulli.

Jama'a, ban san abin da zan ce muku ba. Hulata ta tafi, har yau ban gan ta ba. Itatuwa suka zama bango. Ina salati, Kawu yana ihu, "Riƙe ƙofar, Hamisu, ba ta kulluwa!" Muka cim ma Alhaji, muka jera, Kawu ya danna oda bai saki ba, muka wuce shi kamar yana tsaye. Da idona na gani.

Muna shiga Tsibiri injin ya yi wata ƙara, kamar an saki tukwane daga saman soro. Hayaƙi ya tashi, mai ya malale a ƙasa. Manomi da ɗan fasa-ƙwauri sun raba gari. Kawu bai ko waiwaya ba. Ya fito ya tsaya tsakiyar hanya, ya riƙe ƙugu, har Alhaji ya iso.

"To, hwaɗi!"

"In hwaɗi mi?"

"Wa ya wuce ka yanzu?"

Alhaji ya gyara babbar riga, ya yi hamma. "Ni? Waya nike amsawa. Na dai ji wata ƙara, na ce ko injin niƙa ne ya ɓalle."

"Ga shaida! Hamisu, gaya mishi!"

"Ɗan ƙanwarka? Tela? Mutumin da ke cewa gobe an gama ɗinki?"

Duk Tsibiri aka yi ta dariya. Kawu bai yi ba.

Ya ce zai sake haɗa wani. Ya fara tara ƙarafa, sai ciwo ya kwantar da shi. Alhaji yana zuwa dubiya kusan kullum, da nama da lemo, kuma duk zuwan sai Kawu ya ɗago kai da ƙyar ya ce, "Ka gan ni ko ba ka gan ni ba?" Shi kuma ya ce, "Tashi ka sake, taubashi, wannan karon zan sa ido." Mu duka muna dariya, har da matar Kawu. Ba wanda ya ɗauka kwanciyar ta ƙarshe ce.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, Alhaji Sha'aibu ya kira ni gefe. Ya daɗe yana juya carbi bai ja ko ɗaya ba.

"Hamisu, na gan shi. Wallahi na gan shi. Na taka tawa har ƙarshe, ban ko shaƙi hayaƙinshi ba. Ban taɓa ganin gudu irin wannan ba."

Na ce, "Alhaji, me ya hana ka faɗa masa?"

"Cewa na yi in na hwaɗi, ba shi da sauran abin da zai tashi dominshi. Na bari sai ya miƙe." Ya goge ido da hannun riga. "Ka gaya wa mutane. Ka ce ni na ce."

To, na gaya muku. Kawu Lawali ya wuce Alhaji Sha'aibu a hanyar Tsibiri, da injin da bai kai kuɗin tayar Alhaji ba, kuma Alhaji ya faɗa da bakinsa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa taurin kai da rowar buji, ya sanyaya makwancinsa. Shi kuma Alhaji, Allah ya sassauta masa abin da yake ɗauke da shi. Amin.