Malam Halliru Na'Allah da Gidan da Babu Matakala

Haihuwa da Tasowa

A shekarar 1953 aka haifi Malam Halliru Na'Allah, a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Roni. Mahaifinsa, Malam Bunu, magini ne, mahaifiyarsa Kaltume kuwa saƙar tabarma take yi. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya kama bin mahaifinsa, tun daga kwaɓa ƙasa har ya kai ga ɗora azara.

Aiki da Aure

A 1976 ya koma Kazaure ya koyi aikin bulo da siminti, sunansa ya kai Babura da Gwiwa a matsayin maginin da bangonsa ba ya tsagewa. A 1979 ya auri Shatu, 'yar maƙwabcinsu a ƙauye, Allah Ya albarkace su da 'ya'ya huɗu.

Jarrabawa

A 2015 Shatu ta yanke jiki ta faɗi tana shanya, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, ta koma zama a keken guragu. Babban ɗansu Ahmad ya yi niyyar ɗauke ta zuwa Kano. Ita kuwa abu ɗaya ta roƙa, a mayar da ita inda za ta riƙa ganin kwarin da ta taso a cikinsa. Sai dai filin da Malam Halliru ya gada a can gangare ne tsantsa.

“Haba Baba, nan za ka ajiye Inna? Ai keken da kansa zai gudu da ita,” in ji Ahmad.

“Ka ba ni damina ɗaya,” in ji Malam Halliru.

Ginin Gidan

Duk ruwan da aka yi a daminar 2016 a kansa ya ƙare, yana tsaye a filin yana kafa turaku a inda ruwa ya bi. Ya bar wa ruwan hanyarsa, ya daɓe ta da dutse, sannan ya yanka gangaren hawa uku. Ɗakunan ya jera su a sama sun juya wa hanya baya, don kada masu wucewa su hango tsakar gida. Katangar da ke fuskantar kwarin kuwa ya tsayar da ita daidai ƙirjin wanda ke zaune.

Ko matakala ɗaya bai yi ba, sai siririyar hanya mai lanƙwasa. Da kansa yake hawa keken, ya ɗaure hannunsa na hagu da rawani, ya gwada da hannun dama da ƙafar dama kaɗai. Sau uku yana rushe ta yana sakewa.

A 2018 suka tare. Shatu ta tura kanta daga ɗaki har bakin katanga ba tare da kowa ya riƙe ta ba, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Malam, ashe tsamiyar nan tana nan.”

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa cikin Sha'aban na 2023, aka yi masa sutura a maƙabartar ƙauyen bayan la'asar. Bayan addu'ar arba'in 'ya'yan suka sake tayar da maganar Kano. Shatu ta ce musu, “In kun samu wanda zai gina mini irinsa, ku zo ku ɗauke ni.” Har yau tana cikin gidan.

Ya bar Ahmad, Sama'ilu, Bahijja da Zulaikha, da jikoki goma sha ɗaya. Allah Ya haskaka makwancinsa.