Maccido da Tsohon Gulbi

To, rubuta haka, yadda nike faɗi.

Maccido ɗan Sambo basarke na, wato masunci, gadon ruwa gare shi uwa da uba. Gajere na, baƙi wuluk, ga faɗin ƙafa awa faifai, don takalmi bai san shi ba sai ran Juma'a. Ƙauyensu na nan tsakanin Andarai da gulbi, inda ƙasa ta rabu ukku. Akwai tudu mai yashi, na gero da wake. Akwai fadama mai laka, ta shinkafa da albasa. Sai gulbi shi kanshi, wanda da damina shi kan cika shi batse har a rasa gane gona da hanya, da rani kuwa shi janye shi bar farin yashi, akuya na ƙetare shi ba ta jiƙa ƙafa ba.

Wuri guda ɗai ba ya ƙafewa, Baƙin Gurbi, wani rami mai zurfi ƙarƙashin gaɓa inda gulbi ke yin kwana. In rani yat tsananta, duk mai rai a kwarin nan can shike tarewa. Manyan tarwaɗa da bargi da giwan ruwa, waɗanda Sarkawa ke ce ma iyaye, can suke kwance suna jiran ruwa. Kadoji na shan rana bisa gaɓa, baki buɗe. Kirinjijiya da dinya na sauka da safe, zalɓe na tsaye da ƙafa guda awa wanda anka hana zama. Fulani su kawo shanu da la'asar. Tun kakanni akwai doka: ba a jefa taru cikin Gurbi da rani, don in an kame iyaye, wa za shi haihu da damina? Maccido ke tsaron wagga doka, yadda ubanshi yat tsare ta. Sanda ɗai gare shi da baki.

Sai dai kakanni ba su san inji ba. Mutane sunka yawaita. Inda gauraka ke ƙwai da ƙuruciyar Maccido, yanzu gidaje na da makaranta. Albasa ta yi daraja, motoci na shigowa daga Aliero da Jega, kowa ya nemi injin ban ruwa.

Shekarar da damina tad ɗauke da wuri, bazara taz zo da zafin da ko guza ba ta fita da rana. Rijiyoyin fadama sunka ƙafe, ga shi saura sati ukku a cire albasa. Wata safiya Maccido yaz zo Gurbi, sai ga injuna tara a bakin ruwa, tiyo a ciki, suna ta kuka. Na gaba na Gado na, taubashinshi, basarken da ya aje taru yak kama noma.

Maccido yac ce, "Gado, ɓarawon ruwa, wa yab ba ka?"

Gado yac ce, "A'a, bawana, doka cewa tay yi kada a kama kifi. Ka ga kifi a hannuna? Suna nan ƙalau, shiga ka gaishe su."

"Ka rushe ma mutum ɗaki, ka ce ba ka taɓa jikinshi ba."

"To albasata fa? Ɗiya goma sha ɗaya gare ni. Kada zan dafa musu?"

Mutane sunka yi dariya, amma ba ta kai ciki ba, don kowa ya san duk biyun gaskiya sunka faɗa. Anka tahi wurin mai gari. Shi ma yac ce doka ba ta ambaci ruwa ba, a dai yi haƙuri.

Maccido yak kafa kara a bakin ruwa. Kullum safiya shi iske ruwa ya sauka yatsa huɗu. Kwana biyar, manyan kifi sunka fara ɗago baki sama suna neman iska, shirwa na yawo bisa kansu. Maccido ya san in an ƙara kwana goma haka, Gurbi laka za shi zama, kuma kwarin nan ya rabu da kifi shekaru.

To, akwai abin da Maccido yas sani wanda ba kowa yas sani ba. Gonarshi na can gindin tudu, nesa da gulbi, amma kowace shekara albasarshi ta fi ta kowa kore, ga shi ba ya wahalar ban ruwa. Mutane na cewa asirin Sarkawa na. Ba asiri ko guda. Ubanshi yan nuna mishi cewa da can gulbi ta nan shike bi, kafin shi sake hanya. In ana huɗa, garma na tono makankari, ɓawon nan na ƙasan gulbi, da farin yashi. Itatuwan kanya sun yi layi bisa tsohuwar gaɓa. In ka taka da safe ba takalmi, za ka ji sanyi na tasowa. Tsohon gulbin na nan kwance ƙasa, zurfinshi bai kai gaba biyu ba. Shekara talatin, matarshi Gudiya ɗai yag gaya ma.

Ran kwana na shida yad dawo gida da hantsi, yaz zauna. Gudiya na tsince wake. Tad dube shi sau guda, tag gane.

Tac ce, "Malam, in ka buɗe baki, gonar nan ta zama kasuwa."

"Na sani."

"Albasar bana kuwa ba mu taɓa yin irinta ba."

Yac ce, "Gudiya, gona tawa ta, ina iya yin yadda nis so da ita. Gurbi kuwa amana na."

Tay yi ta tsintar wakenta. Can tac ce, "To sha fura tukuna. Ba a kyauta da yunwa."

Washegari da sassafe yat tara masu injuna, yaj ja su gindin tudu, yac ce kowa shi cire takalmi.

Gado yac ce, "Masallaci za mu, ko ka fara haukan tsufa?"

"Cire dai, ƙafarka ta fi kanka hankali."

Sunka taka. Manya da furfura suna tahiya sannu awa masu neman allura. Wani yat tsaya, yac ce lalle nan ƙasa da sanyi. Maccido yak kai su wurin da yaf fi gangara, tsakiyar fangalin da albasa taf fi kyau, yas sa hannu yat tuge ta da kanshi, yac ce a haƙa nan. Kafin azahar yashi yaf fara fitowa jiƙe. Kafin la'asar ruwa na tsattsafowa, fari tas.

Sharaɗi guda yag gindaya: wanda duk za shi sha nan, sai ya fara ɗauke injinshi daga Gurbi. Gado yaf fara ɗaukewa, bisa kai, yana ta mita wai bawa ya ɓoye ma ubangidanshi dukiya.

Rijiya bakwai anka haƙa cikin gonar. Tiyo ta ko'ina, ƙafafu, babura, laka. Albasar gari ta tsira, sai kaɗan. Ta Maccido kuwa, abin da anka tsinta jaki guda yad ɗauko shi bai yi nishi ba. Gudiya dai ta daina bi ta hanyar gonar. Daga baya mai gari yat tara dattawa, anka ƙara ruwa cikin doka.

Gurbi yat tsaya iya ƙirji, haka yay yi ta jira har wata biyu. Ran da ruwan farko yag gangaro daga wajen Zamfara, ja wur, da karare da kumfa, Maccido na tsaye bisa gaɓa. Ruwa yac cika ramin, yah haye yashi, yash shiga ciyawar fadama. Sai ga iyaye na fita ɗaya bayan ɗaya, bayansu na keta ruwa, wasu tsawon mutum, suna neman wurin zuba ƙwai.

Gado, da yaz zo kallo, yac ce, "Bawana, ga su can sun tahi, ko sallama ba su yi maka ba."

Maccido bai ɗauke ido daga ruwa ba. Yac ce, "Ƙyale su, aiki gare su."