Buhun Takin Baba Tsuruta

Malam Kuwabara mutum ne da ko gaishe shi ka yi sai ya duba me ke hannunka. Ya tsufa yana koyar da labarin ƙasa a wata ƙaramar sakandare a gefen Osaka, kuma duk bazara shi ke kai 'yan aji uku yawon karatu wani ƙauye a tsaunukan Nagano, su kwana gidajen manoma, su taya dashen shinkafa. A ganinsa yaro in ya yi dariya ya aikata wani abu, in ya yi shiru yana shirin aikatawa. Matarsa ta ce ko miya ta zuba masa sai ya juya ta tukuna, kamar an ɓoye masa wani abu a ƙasan kwano.

Dokarsa ɗaya ce, yara har sun haddace: baƙo na gari yana barin wuri fes, fiye da yadda ya same shi. Kowa da ledarsa da dogon awartakin tsintar shara.

A bana kuwa tafiyar da sharaɗi ta zo. Bara 'yan wata makaranta sun tattake wa mutane shuka, sai dattawan ƙauyen suka ce ƙara ɗaya in aka sake kawowa, sun daina karɓar ɗalibai. Malam Kuwabara ya yi shekara da shekaru yana lallaɓa wannan zumunci, saboda haka tun a mota ya kafa wa Shunpei ido, wani dogon yaro mai gashi a tsaye da bakin da ba ya rufuwa.

Ranar farko suka yi dashe a gonar Baba Tsuruta, tsohon manomin da ya sauke su. Da yamma, a hanyar komawa, Malam ya hango wani yagaggen buhun taki shuɗi an cusa shi a kunyar gonar. Ya sa awartaki ya fizgo shi da kyar, ya ɗaga sama.

"Ku duba aikin manya! 'Yan yawon buɗe ido ne, na san halinsu. Su ɗauki hoto, su bar ƙazanta."

Yara suka amsa da "Haka ne, Malam." Ya wanke buhun da sabulu a famfo, ya ninke, ya sa cikin leda, ransa fari tas.

Washegari da safe, ana cikin cin dunƙulen shinkafa, sai ga Baba Tsuruta fuska a murtuke. Ruwan gonarsa ya tsiyaye kaf cikin dare, dashen bakin magudana ya tafi da shi, sauran kuma yana kwance a laka. Ya ce wani ne ya buɗe masa ruwa.

Malam ya miƙe. Ya jera yaran a tsakar gida, ya bi su yana duban ƙafafu, har ya zo kan wandon Shunpei, laka har gwiwa.

"Kai, ina ka je da asuba?"

"Kamun kwaɗi, Malam."

"Kwaɗi! Ubanka ne ya aike ka? Ina kwaɗin?"

"Sun fi ni gudu, Malam."

"Za ka ga gudu. Yau za ka hau jirgin ƙasa ka koma gaban uwarka."

Baba Tsuruta ya girgiza kai. "Malam, ni abin da ya ɗaure min kai, har toshiyar aka ɗauke. Me yaro zai yi da tsohon buhun taki? Shuɗi ne, tun matata na da rai nake toshe ramin nan da shi."

Malam Kuwabara ya saci kallon yaran, ya ga babu mai kallonsa, kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Duk sun gani jiya, amma a cikinsu babu wanda zai kunyata malaminsa a gaban mai masauki. Sai ga Shunpei ya tako gaba, ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa.

"Baba, a yi haƙuri. Mu ne."

Nan fa Malam ya ga ƙofa a buɗe. Yaro ya ɗauki laifi, a kore shi gida, wataƙila dattawa su huce. Ya tsaya yana auna abin, kuma gaskiya ya daɗe yana aunawa, fiye da yadda ya kamaci mutumin kirki. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da buhun a ninke, ya durƙusa ya kafa goshi a ƙasa.

"Baba, ni ne. Na ɗauka shara ce."

Tsohon ya karɓi buhunsa, ya juya shi, ya shinshina. "Har da sabulu? To, bai taɓa samun gata irin wannan ba." Bai yi dariya ba. "Da yaro ne ya yi min haka, da na kai ƙara. Malami kuma ban san inda ake kai ƙararsa ba. Naɗe wandonka."

Ranar nan Malam ya wuni cikin laka yana sake dashe, bayansa kamar zai karye. Da za su tafi, Baba Tsuruta ya ce su dawo baɗi, ya dafa kafaɗar Shunpei ya ce, "Kai, ka riƙa sa wa malaminka ido."

Har yau Malam Kuwabara bai bar zargi ba, wurin zargin ne ya sauya. A mota a hanyar gida ya yi ta kasa kunne ko zai ji ana yi masa dariya, bai ji komai ba, kuma wannan ya fi ci masa rai. Yanzu duk sanda aji ya yi shiru, sai ya shafa aljihu, ya duba maɓallin rigarsa, yana tunanin me kuma ya yi da yaran nan suke rufa masa asiri.