Sanyin da Fasfona Ya Tafi Ganin Gida

A aji huɗu na tsaya a makarantar mishan, saboda haka mai neman ilimi a wannan takarda ya yi gaba. Abin da na iya shi ne noma da ɗaurin kaya. Ɗaurin kayan ne ya kai ni Guangzhou da furfurata. Alhazan Kano da na Maradi su sayo tufafi a kasuwar Shahe, ni in danne, in ɗaure, in rubuta suna a jikin buhu.

A farkon shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik, bizata ta kusa ƙarewa. Na kai fasfona wurin wani ɗan ƙasar da ke sabunta mana takardu, muna ce masa lawban, wato maigida. Wautata ita ce ban duba kalandarsu ba. Ashe saura 'yan kwanaki sabuwar shekararsu, lokacin da kowa ke kulle shago ya tafi ƙauye. Lawban ya jefa fasfona a jaka, ya rufe ofis, ya tafi gaida uwarsa. Fasfo ya je ganin gida, mai fasfo yana zaune.

Bayan kwana uku 'yata ta bugo waya. "Baba, Mama tana asibiti. Likita ya ce a kira ka."

Sanyin shekarar nan ko 'yan garin sun ce ba su saba da irinsa ba. Jiƙaƙƙe ne, yana ratsa bango, ɗaki ya fi titi sanyi. Can arewa ƙanƙara ta rufe hanyoyi, jiragen ƙasa suka tsaya. Kullum in je ofishin, mai gadi ya kaɗa hannu ya ce "mayo", babu ke nan. Har tashar jirgin ƙasa na je, wai ko lawban ya maƙale cikin masu jira. Mutane ne iyakar ganin ido, tsaye cikin yayyafi da leda a ka, kowa yana son ya isa gida. A cikinsu ni mai hikima nake neman mutum ɗaya mai baƙar jaka.

Addu'ata ta koma rigima. Ina yi wa Ubangiji magana kamar dillalin da ya ɓatar min da kaya. Daga baya rigimar ma ta ƙare, na daina cin abinci. Matata kuwa kullum ƙarya nake mata a waya: gobe, jibi.

Abokin ɗakina wani Alhaji ne ɗan Kano, mai kirana Baba Fasto, alhali ko dattijon ikkilisiya ba a taɓa zaɓe na ba. Ranar Juma'a ya yaye min bargo.

"Baba Fasto, tashi ka raka ni masallaci ka sha iska. Ba na son gawa a ɗakina."

"Alhaji, da sanyi za ka musuluntar da ni?"

"Wa zai karɓe ka a haka? A waje za ka tsaya."

Ya shiga Masallacin Huaisheng, ni na gangara wani lungu na sami benci. A gabana ga bishiyar gurjiya, irin tamu ta daji mai jan fure. Itatuwan titin duk kore shar, ita kaɗai babu ganye ko ɗaya, sai rassa baƙaƙe da ruwa ke ɗiga daga jikinsu. Halin manomi, na tashi na kankare ɓawonta da farce. Ƙarƙashinsa ɗanye ne. Ba ta mutu ba, ba ta kuma yin wani abin da ido zai gani.

Na koma na zauna, sai Asabar ta faɗo min a rai. A coci ana wa'azin Juma'ar da aka gicciye Yesu, ana wa'azin Lahadin da ya tashi. Ranar da ke tsakani, yana kwance cikin dutse mai sanyi, mutanensa sun kulle ƙofa ba su san kome ba, ban taɓa jin mai wa'azinta ba. Ita ma rana ce ta Allah. Na ce, to, a cikinta nake.

Daga nan kullum sai in je in zauna. Addu'ar ba ta wuce "Ga ni, ga matata, ka san inda muke." Ba zan ce na ji daɗi ba. Amma a ƙarshe na iya buga mata waya na faɗi gaskiya.

"Tsohuwa, ba na jin zan iso."

Ta daɗe tana neman numfashi. "Dama yaushe ka taɓa zuwa a kan lokaci? Ranar aurenmu ma sai da fasto ya jira ka. Kana sa hula dai?"

Na ce ina sawa. Muka yi addu'a tare, ita ta fara, ni na ƙarasa don muryarta ta gaza.

Ta rasu bayan kwana huɗu. Jana'izar ta waya na ji, can safiya, nan la'asar, 'yata ta ɗaga wayar sama matan zumunta suna waƙa. Alhaji yana zaune a gefena, ya cire hularsa ya riƙe, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Da hanyoyi suka buɗe lawban ya dawo, ya rame, leɓunansa sun tsage. Ya miƙo min fasfona da hannu biyu, da ledar lemo tsarabar ƙauyensu. Bai san kome ba. Na yi makonni ina tanadin abin da zan gaya masa. Na karɓi lemon, na tambaye shi da hannu ko ya sami uwarsa lafiya.